Wardin Lami Mai Daddawa

A wata 'yar unguwa ta gefen rafi, tsakanin Beli da Rogo, an yi wata mata da ake kira Lami mai daddawa. Gajera ce, kakkaura, ga murya. In ta ɗaga ta a bakin rijiya, masu aiki a fadama ma sai sun san da wa take. Wurin kakarta ta koyi sana'ar tun ba ta isa ɗaukar tulu ba: a dafa kalwa, a surfe, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye har ta nuna ta fara yauƙi, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Duk gidan da ake kaɗa miyar kuka a yankin an san daddawarta, an kuma san ba a jan magana da ita a rabu da daɗi.

Mijinta Ɗantala dogon mutum ne mai sanyin hali, dawa da gyaɗa yake nomawa. Mutane suna mamakin yadda zamansu ya ɗore. Shi kuwa in ta fara faɗa sai ya sami kututture ya zauna yana murmushi har ta gaji, sannan ya ce, "To, a ba ni ruwa in sha." Ta yi haihuwa da yawa, amma 'ya ɗaya ce ta tsaya mata, Maijidda. A gidan gado suke zaune tare da wan Ɗantala, Mijinyawa. Sashensu ne na ƙarshe, dangarsu tana kallon hanyar da ta fito daga ƙofar mai unguwa ta nufi masallaci, daga can ta miƙe zuwa maƙabarta da Rogo.

Mai unguwar lokacin Isyaku ne, kuma ɗorawa ce ta fara haɗa shi da Lami. A gonar Ɗantala akwai manyan ɗorawa biyu da kakansa ya bari. Wata shekara Isyaku ya aiko cewa 'ya'yan duk ɗorawar da ke ƙasarsa na sarauta ne, kada a taɓa sai mutanensa sun ɗiba. Ɗantala ya ce to. Lami kuwa washegari ta saɓi ƙugiya ta tafi gona, kafin azahar ta kakkaɓe itatuwan tas. Da mata suka yi mata maganar a rijiya sai ta ce, "Ku gaya masa rawaninsa ya zo ya tarar da ɗorawar nan a tsaye." Maganar kuwa ta isa inda aka aike ta.

Ba a daɗe ba yaƙin Turawa na biyu ya yi zafi. Umarni ya zo cewa kowace unguwa ta ba da maza a kai su Jos haƙar kuza, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. Isyaku yana da ƙanne majiya ƙarfi, yana da 'ya'yan da suka isa aure, amma ko ɗaya ba a kira ba. Sunan Ɗantala aka fara faɗa a ƙofar masallaci, sai na Shitu, mijin Hajo ƙawar Lami, sai na wasu.

Lami ta ci ɗamara za ta ƙofar mai unguwa, Mijinyawa ya tare ta a zaure. Ɗantala ya biyo ta ya ce, "Ke, dawo. In kika je, sai a haɗa da Yaya. 'Yan watanni ne, kafin ki ƙarar da kalwar bana na dawo."

Ta koma ciki, amma ranar ko wuta ba ta hura ba.

Ya dawo ɗin, ana shirin shiga bazara. Sai dai mutumin da ya shigo zauren ba shi ne wanda ya fita ba. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ga tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Shitu kuwa can aka binne shi. Ɗantala ya ce sanyin dutsen ne, da tsayuwa cikin ruwan rami tun safe, da abincin da ba ya isa. Ko da aka matsa masa, bai ƙara a kan haka ba.

Da ya huta sai ya kwance ƙunshinsa ya fito da wani tsumman buhu mai danshi. A ciki wasu 'yan sanduna ne kore, kaurin ɗan yatsa, duk ƙaya, an soke gindin kowace a cikin dankali.

"Wannan fa?" in ji Lami.

"Tsarabarki ce."

"Ka tashi tun daga Jos ka ɗauko mini ƙaya? Ta garin nan ƙarewa ta yi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ba ta labari. Lokacin da ciwo ya kayar da shi, an cire shi daga rami an sa shi ɗiban ruwa a lambun gidan wani Bature. A nan ya ga itacen. Furensa ja ne mai duhu kamar zoɓo, ninki a kan ninki kamar albasa, in iska ta kaɗo ƙamshinsa sai mutum ya ajiye garwa ya tsaya. Wani tsoho mai kula da lambun ne ya ba shi waɗannan, ranar da yake datse rassan. Ya kuma gaya masa wannan irin yana da nawa, ba ya gaggawar fure, kuma ba lallai ne ya yarda da ƙasar zafi ba.

"Duk ƙasar nan abin da na gani mai kyau ke nan," in ji Ɗantala. "Na ce bari in kai wa mai daddawa, gidanmu ya samu ƙamshi na biyu."

"Na farkon ne dai yake ciyar da kai," ta ce.

Amma ta tashi ta nemo tsofaffin tukwanen da suka tsage, ta cika su da yashin rafi da takin awaki, ta kafa sandunan, ta jera su a inuwar rumbu. Suka yi ta baƙi daga sama suna bushewa, yau wannan gobe waccan. Guda ɗaya ce ta fitar da ɗan jan toho. Ɗantala ya gan shi wata ranar da aka shimfiɗa masa tabarma ya sha hantsi, ya miƙa hannu ya taɓa. Kafin ruwan farko ya sauka ya rasu.

Da Lami ta fita takaba damina ta yi nisa. Mijinyawa ya ce ɗakinta nata ne, ta zauna ta riƙe 'yarta. Masu neman aure suka fara aike, ta sallame su cikin mutunci, wanda ya nace kuma ta sallame shi ba cikin mutunci ba. Sannan wata safiya ta rungumi tukunyar ta zagaya bayan danga, ta haƙa rami a bakin hanya, ta fasa tukunyar ta dasa.

Mijinyawa ya zo ya tsaya a kanta. "Lami, ga fili a cikin gida. Me ya sa sai nan? Awaki za su cinye."

"Zan yi masa shinge, Yaya."

"Nan fa mai unguwa yake bi kullum zuwa masallaci."

"Na sani," ta ce, ta ci gaba da danna ƙasa da dugadugi.

Liman Malam Sanusi ne ya ba itacen suna. Da ya ji yadda marigayi ya kwatanta furen, ya ce a littattafai wardi ake ce masa, amma shi bai taɓa ganinsa da ido ba. Mutanen unguwa dai ƙayar Lami suke cewa. In baƙo ya biyo hanya ya ga ɗan itace an kewaye shi da shingen magarya kamar wani abin arziki, ya tambaya, sai Lami ta amsa da muryar da za ta kai masallaci.

"Abin da kuza ta dawo mini da shi ke nan. An ɗauki mutum, an maido mini wannan."

In kuwa Isyaku ne ya zo wucewa tana ban ruwa, sai ta ajiye tulu ta rusuna yadda ya kamata. "Ranka ya daɗe, an fito? Ina gajiya? Ina iyali?" Ya amsa "Lafiya" idonsa na kan hanya. Babu wanda zai ce ta yi masa rashin kunya, babu kuma wanda bai san me gaisuwar take nufi ba. Can cikin ranta akwai wani abu da yake cinta, tunanin ƙugiyar nan da ɗorawa, da maganar da ta yaɓa a rijiya. In ya taso mata ba ta zama, tulu take ɗauka ta nufi rafi.

Itacen ya ba ta wahala fiye da goyon jariri. Da bazara rana ta ƙone masa ganye, ta kafa masa zana ta yamma. Rafi ya ƙafe, sai ta tona yashi ta jira ruwa ya taru ta ɗebo. Ta taɓa gwada ruwan wankin kalwa don kada ya tafi a banza, ganyen ya yi rawaya, ba ta sake ba. Ta ɗauka in damina ta zo za ta huta, ashe damina ce babbar abokiyar gaba. Ruwa ya kwanta a gindin, rana ta fito a kansa, iska ta tsaya cik, gari ya yi ta turiri kamar tukunyar da aka rufe. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo baƙi ya zube, wani reshe ya ruɓe daga ƙasa. Ta tone shi ta tara masa tudu irin kunyar dankali, ta cakuɗa ƙasar da yashi, ta ja wa ruwa hanya ya bi gefe. Duk ganyen da ya kamu sai ta tsinke ta jefa a murhu. Gara ta zo, ta zuba toka. Wasu ƙananan ƙwari suka manne wa toho, ta jiƙa ganyen taba ta yayyafa musu. Ba wanda ya koya mata. Abin da ta san ana yi wa wake da barkono shi take gwadawa, wani ya yi, wani ya ɓata.

Wardi ya rayu. Ya miƙa dogayen rassa har suka wuce danga. Fure dai babu.

A damina ta uku ya fitar da ƙulli a kan wani reshe, bai fi ƙwayar gujiya ba. Lami ta aika aka kira Hajo, suka tsaya suna kallonsa kamar an haifi ɗa. Ƙullin ya yi ta kumbura har jan cikinsa ya fara leƙowa. Sai aka shiga ruwa ba ƙaƙƙautawa, in ya tsagaita kuma zafi ya biyo baya. Bayan ƙullin ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, ya manne, ya ƙi buɗewa, wata safiya ta same shi a ƙasa. Ta ɗauka ta ɓare da farce. Cikin ja ne kamar yadda Ɗantala ya faɗa, amma ya ruɓe. Sauran da suka biyo baya su ma haka suka ƙare.

Wani mai bakin barkwanci ya ce itacen ya koyi sana'ar uwar ɗakinsa, shi ma sai ya ruɓa yake nuna. Aka yi ta dariya a dandali. Hajo ta ce, "Ƙawa, ki huta haka nan. Ƙasarmu ba tasa ba ce. Ke kin yi iyakar yinki."

"Shi ya gaya miki ya gaji?" in ji Lami. "Ni dai ban ji ba. Mutumin nan yana tari ya riƙa jiƙa tsumma da ruwan shansa har ya iso da shi. Ba ni ce zan bari ya mutu a hannuna ba."

Da kakar wata shekara, ruwa yana shirin ɗaukewa, aka yi shela cewa Bature zai fito rangadi daga Karaye ya bi ta Rogo, kowace unguwa ta gyara hanyarta. Isyaku ya fito da samari da adduna da fatanya suna sharar ciyawa, har suka iso bayan dangar Lami. Ta ji su, ta fito hannunta duk kalwa.

"Ranka ya daɗe, sannu da aiki."

"Yauwa. Lami, itacen nan ya shiga hanya. Za a cire."

"Jakuna da kaya suna wucewa, ban ji wanda ya koka ba."

"Ba maganar jakuna ake ba. Wannan itacen gidan Turawa ne. In Bature ya gane shi ya tambayi yadda aka yi ya zo nan, wa zai amsa?"

"Ni zan amsa, ranka ya daɗe. Zan gaya masa wanda ya kawo shi. In ya ƙara tambaya, in gaya masa wanda ya zaɓe shi ya tura, da waɗanda aka bari a gida."

Isyaku ya ce da samarin su sare. Suka tsaya suna kallon juna, don a cikinsu akwai waɗanda iyayensu suka je kuza. Sai ya fizgi adda a hannun na kusa da shi, ya naɗe hannun riga, ya shiga sara da kansa. Ƙaya ta kama masa babbar riga ta yage, bai tsaya ba sai da ya bar kututtura iya gwiwa. Mijinyawa ya iso da gudu ya tsaya tsakaninsu, yana tsoron abin da Lami za ta yi. Ba ta yi komai ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta jira ya gama, ta sunkuya ta tattara rassan da hannu, jini yana bin yatsunta, ta ja su zuwa cikin gida.

Ranar ta wuni tana yanka su gajeru-gajeru da wuƙar girki. Da yamma ta bi gidajen matan da aka ɗebi mazansu, tun daga unguwarsu har Beli, tana ba kowace 'yan sanduna. "Ki soka a yashi, ki sa a inuwa. In ya mutu ba laifinki ba ne." Yawanci sun mutu ɗin. Na Hajo ya kama, da na wata tsohuwa a Beli da ɗanta bai dawo ba. Bature kuwa da ranar ta zo ya wuce bai ko dubi gefen hanyar ba.

Bayan wannan zazzaɓi ya kwantar da Lami. Maijidda tana jinyarta, ba wanda ya tuna da kututturan bayan danga. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, sanyi ya fara shigowa. Ranar da ta iya tashi ta dafa danga ta zagaya, tana zaton itace za ta tarar na hura wuta. Sai ta ga jajayen toho sun ɓullo ta ko'ina a jikin kututturan, masu kauri, ba irin siraran da ta saba gani ba. Ta koma ta ɗauko tulu tana tangaɗi.

Ta zuba taki, ta riƙa ba shi ruwa a gindi, ba ta bari ya taɓa ganye. Rassan ba su yi tsawo ba wannan karon, kowanne sai ya tsaya ya ɗaure ƙulli a ka. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Hajo. Babu ruwan sama da zai jiƙa su, babu turirin da zai dafa su, amma nawar tana nan, kullum ta duba sai ta ga kamar jiya.

Wata safiya mai sanyi ta fito da tulu a ka, kafin ta sha kwanar danga ƙamshin ya tare ta. Ta sauke tulun a hankali. Guda ɗaya ya buɗe, ja mai duhu, ninki a kan ninki, raɓa tana kwance a cikinsa. Ta zauna a ƙasa a gabansa ta daɗe. Da Maijidda ta fito nemanta ta tarar da ita tana share ido da bakin zane, ta ce, "Inna, lafiya?" Lami ta ce, "Babanki bai yi ƙarya ba. Je ki kira mini Hajo."

Kafin hantsi unguwa ta taru. Malam Sanusi ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago yana tasbihi. Mata suka yi layi, Lami tana tsaye a gefe: a shaƙa, amma kada a taɓa. Mai barkwancin nan ma ya zo, ta matsa masa ya wuce gaba. Da azahar Isyaku ya biyo hanya, mutane suka dare masa. Lami ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, an gode da aiki. Ashe sara yake so."

Daga shekarar ta gane halinsa. Duk ƙarshen damina da kanta take datse shi, ta hana shi ruwa na ɗan lokaci, sannan ta ciyar da shi. Ƙullin da ya fito da damina kuwa tsinke shi take tun yana ƙarami, tana cewa kada ya ɓata ƙarfinsa a banza. Furensa na sanyi ne, sau ɗaya a shekara, kuma sai ya ga dama.

Sanyi na gaba itacen ya cika da fure har ana jin ƙamshin daga masallaci. A lokacin Isyaku yana neman a ɗaga shi zuwa dagaci. Ya ji labarin wani Bature zai sauka a barikin Karaye tare da matarsa, an kuma gaya masa Turawa suna son fure a kan tebur. Ya zo da kansa, ya yi sallama a bayan danga, ya yi doguwar gaisuwa irin wadda bai taɓa yi mata ba, har da tambayar shirin bikin Maijidda, wadda za ta auri wani saurayi ɗan garin Fulatan da suka daidaita. Sannan ya kawo buƙatarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Lami, "bara fa ƙaya ce mai tare hanya."

"Abin da ya wuce ya wuce. Wannan don mutuncin unguwa ne."

"Su Turawan suna da shi a gidajensu. Har mutumin da zai ɗebo masa ruwa an ba su daga nan. Ba zan ƙara musu da nawa ba."

Fuskarsa ta canja. "Ba roƙo na zo ba. Gobe da safe zan aiko a yanka."

Da asuba bayan salla Lami da Maijidda suka fita da ƙwarya. Ba su bar ko ɗaya ba, har ƙullin da ya fara buɗewa. Suka warware furannin a kan faifai suka shanya a inuwar ɗaki, don a haɗa a turaren amarya. Da 'yan aiken mai unguwa suka iso da kwando, suka tarar da ita zaune a bakin shinge tana tsince kalwa.

"Ga itacen nan," ta ce, "ku ɗebi abin da kuka samu."

Abin bai tafi a banza ba. Isyaku ya hana ta zama a 'yar kasuwar gindin tsamiya, ya kuma sa aka tsare ɗorawar nan biyu. Mijinyawa ya same ta ya ce, "Lami, ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri. Ni zan raka ki. Baki ne kawai."

"Yaya, in na durƙusa me zan ce na yi? Na tsinki furena?"

"Za ki wahala."

"Na saba."

Ta wahala kuwa. Sai ta je Beli ta samo kalwa, in ta gama ta ɗora ƙwarya a ka ta taka zuwa kasuwar Rogo, wani lokaci har Karaye, ta dawo ƙafa a kumbure. Gwiwoyinta daga nan suka lalace. Amma miya ba ta san hukuncin mai unguwa ba. Mata suka fara shigowa ta ƙofar baya da 'yan kwanoninsu a ƙarƙashin mayafi, wata rana sai ga Turai, uwargidan Isyaku, ita ma da nata. Lami ta zuba mata kamar kowa. An yi bikin Maijidda, ɗakin amarya ya yi ƙamshin da matan Fulatan suka daɗe suna labari. Hajo ma can ta sake aure daga baya, ta tafi da wardinta a tukunya. Isyaku bai samu dagacin ba. Bai taɓa janye hanin da ya yi ba, ita ma ba ta taɓa roƙa ba. Abin ya tsufa ne kawai har aka manta ana bin sa.

Shekaru suka tura. Aka fara jin maganar siyasa da cewa Turawa za su tafi. Lami ta zama Gwaggo Lami, kanta ya yi fari, muryar ce kawai ba ta rage ba. Wardi ya yi gindi kamar cinyar mutum, wasu rassan da ta daina iya kaiwa suka lanƙwaso suka cinye rabin hanya. Ba wanda ya ƙara zuwa wurin da adda. Mai wucewa sai ya raɓa ta ɗaya gefen.

Wata safiya aka wayi gari Isyaku ya rasu. Mijinyawa, wanda shi ma ya koma dogara sanda, ya shigo ya ce, "Lami, ta nan za a bi da makara. Mutum huɗu ba za su wuce a jere ba, ƙaya za ta kama likkafani. Samari suna cewa a sare."

"Kada wanda ya kawo adda nan."

"To a yi yaya? A zagaya da gawa ta cikin gonaki?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko igiyar guga ta fita. Ta riƙa kamo rassan da hannu tana janyo su, tana ɗaurewa a jikin turakun danga, ƙaya tana yankar ta tana tsaki. Samarin suka so su taya ta, ta ce su matsa, ba su san inda yake karyewa ba. Sai da hanya ta buɗe sarai ta ɗauko tsintsiya ta share ƙayar da ta zuba don masu tafiya ba takalmi, sannan ta koma cikin gida.

Tana zaune a tsakar gida ta ji takun jama'a suna wucewa a bayan danga. Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Da aka dawo ta ɗauki mayafi ta je ta yi wa Turai gaisuwa, ta zauna cikin mata yadda ake yi.

A hanyarta ta komawa ta tarar da Mijinyawa a bakin zaure. Ya dubi hannayenta da suka sha yanka ya ce, "Kin yafe masa ke nan?"

"Hanya na ba shi, Yaya. Sauran yana tsakaninsa da Ubangijinsa."

Da la'asar ta fito ta kwance igiyar. Rassan suka koma inda suke, masu dawowa daga zaman makoki suka riƙa raɓawa ta ɗaya gefen.